Ɗigo Daga Ɗakin Gwaggon Sama

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kin tashi lafiya. Ya aiki, ya zafin gidan burodi? Kaka tana gaishe ki, ta ce tun da kika fara cin burodi kyauta kika manta kina da dangi.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Wayar Kaka ce ta mutu, ruwa ya kashe ta. Na ba direban motar burodinku wasiƙar nan lokacin da ya zo sauke kaya a kantin bakin layi. Ban iya yi masa bayani ba, na dai nuna masa sunanki a baya, ya yi dariya ya sa a aljihu. Kin san ni, gara in rubuta shafi guda da in buɗe baki.

Yaya, silin ɗin falonmu yana yoyo, alhali ko gajimare babu a sama. Da safe muka tashi muka ga wani tabo ruwan ƙasa a kusurwar da ke kusa da banɗaki, daidai saman teburin da Kaka ke ajiye waya. Na sa roba, ta cika. Na sa bokiti. Ruwan ba shi da wari sai ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, irin na tukwanen shukar Gwaggon Sama.

Abin da ya dame ni shi ne babu kowa a sama. Gwaggo ta tafi. Shekaranjiya ɗanta ya zo da mota, aka yi ta sauko da jakunkuna, Kaka ta leƙa ta taga ta ga mace da mayafi a kujerar baya. Ko sallama ba ta yi mana ba.

Ba ki san sun yi faɗa ba, don bayan tafiyarki ne. Gwaggo tana ba shuke-shukenta ruwa a baranda, sai ruwan laka ya zubo a kan farin zanin gadon da Kaka ta shanya. Kaka ta ɗaga kai ta ce, "Wasu sun rasa jikoki sun koma renon ganye." Gwaggo ta leƙo ta ce, "Ganye dai ba ya zagin maƙwabta." Shi ke nan. Kin tuna gaisuwarsu ta safe, tun da gwiwa ta hana Kaka hawa bene, ita ma Gwaggo gwiwar ta hana ta saukowa? Kaka ta ɗauki doguwar sandar share yana ta ƙwanƙwasa silin, Gwaggo ta amsa da sandarta daga sama. To an daina. Sandar tana bayan ƙofa, ita kanta ta yi yana.

Yanzu Kaka cewa take da gangan Gwaggo ta bar famfo a buɗe don ta rama. Lambar ɗanta kuma tana cikin wayar da ta mutu. Mai gidan da muke haya ya yi tafiya. Me za mu yi?

Ki huta lafiya.
Ƙanwarki,
Auta

*

Auta sarkin kunya,

Amin wa alaikumus salam. Na ga saƙonki, har na karanta wa abokiyar aikina wurin "renon ganye", muka yi dariya har kwaɓin ya kusa ƙonewa. Tsofaffin nan ba za su girma ba.

Ki kwantar da hankalinki, wannan ba abin rubuta dogon labari ba ne. Kowane sashe na gidan nan yana da makullin ruwansa a ƙarƙashin matakala, bayan tsohuwar tayar nan. Ki je ki kira mai gyaran famfo na ƙarshen layi, ya rufe na sama, magana ta ƙare. In Gwaggo ta dawo sai a buɗe mata. Idan bakin naki ya ƙi buɗuwa a gabansa, ki rubuta masa shi ma, tun da kin zama akawu.

Ki kashe wutar falo daga babban makunni kafin ruwa ya kai ga ƙwan fitila. Ki janye katifar Kaka. Kuma kada ki tsaya a ƙarƙashin silin ɗin kina kallonsa kamar talabijin, na san halinki.

Ki gaishe da Kaka, ki ce mata burodin da na aiko na marar baki ne, ba nata ba.

Yayarki

*

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum, bayan gaisuwa da fatan alheri. Burodi ya iso, mun gode. Kaka ta cinye rabi tana cewa ba daɗi.

Na yi yadda kika ce, amma bari in fara da abin da ya faru kafin nan. Tabon ya tashi daga inda yake. Ba girma ya yi ba, Yaya, tafiya ya yi. Ya baro kusurwar banɗaki ya miƙe ta tsakiyar falo, siriri, yana lanƙwasa kamar sawun abin da aka ja a ƙasa. Inda ya baro sai ya fara bushewa. Ni kuma ina ta matsar da bokiti ina bin sa. Da hantsi ina wanke-wanke na ji wani abu a sama, suuu, sai ya tsaya. Can an jima kuma suuu. Kamar ana jan buhu a kan siminti, a huta, a sake ja. Na kalli Kaka. Ta ce, "Me kike zare min ido? Ɓeraye ne sun samu gidan da ba kowa."

Na je wurin mai gyaran famfo. Na tsaya a bakin shagonsa har ya gama cin abinci bai san ina nan ba. Da ya gan ni ya ce, "'Yar Kaka, aiko ki aka yi ko gadi kika zo yi min?" Na ce, "Ruwa." Ya ce, "To ai kin faɗi duka."

Ya zo ya tsaya a falo ya daɗe yana kallon sama. Ya ce shi dai bai saba ganin yoyo mai yawo ba, amma ruwa ba shi da alƙawari, inda ya ga hanya nan yake bi. Kaka ta ce, "Ruwan ma halin mai shi ya ɗauko." Ya shiga ƙarƙashin matakala da sifana ya murɗe makullin sama, ya cire kan ya sa a aljihunsa, wai kada yaran layi su yi wasa da shi. Lokacin da ya murɗe, bututun bango ya yi wani dogon gurnani, kamar mutum ya ja numfashi bai sake shi ba. Tsigar jikina ta tashi. Shi ko a jikinsa.

Kafin yamma ɗigo ya tsaya. Kaka ta yi murna, ta ce, "Sai ta nemi wata dabarar." Ni ya kamata in yi murna, don hannuna ya gaji da zubar da bokiti. Amma gidan ya yi wani irin shiru da ba na so. Jan buhun ma na daina ji.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Duk lokacin da Gwaggo za ta yi tafiya, sai ta zuro min ƙaramar tukunyar nan mai jan fure a cikin kwando da igiya, in riƙe mata. Takan ce, "Ke da ita halinku ɗaya, ba ku magana amma kuna ji." Ko bayan faɗan, in Kaka ba ta gani, tana ɗaga min hannu. Wannan karon ba ta zuro ba. Kwandon yana rataye a baranda, shuke-shuken duk sun sunkuyar da kai.

Da Kaka ta yi barcin rana na hau benen. Ƙofar a kulle take. Na ɗaga hannu zan buga, sai na ji kunya, na ce in wani ya gan ni ina buga ƙofar gidan da ba kowa fa? Na tsaya kawai. Ƙanshin ƙasar nan yana fitowa ta ƙarƙashin ƙofa. Kuma Yaya, kin san yadda mutum ke ji in wani yana tsaye a bayan labule, ba ka gan shi ba amma ka sani? Haka na ji. Na sauko da gudu.

Kada ki karanta wa abokiyar aikinki wannan.

Taki,
Auta

*

Auta,

Salamu alaikum. Ina gaisuwa a gurguje, direba yana jira na.

Ban karanta wa kowa ba. Amma ki ji ni da kyau: zaman shiru ne yake sa ki jin abin da babu. Ɓera in ya samu leda yana iya yin ƙarar da za ki rantse mutum ne. Tukunyar fure kuma, mace ta yi fushi da kakarki, ɗanta yana danna mata hon a waje, ta ina za ta tuna da kwando?

Kada ki sake hawa benen nan. In wani abu ya ɓace a gidan, ke za a ce an gani a bakin ƙofa, kuma ba ki da bakin kare kanki. An rufe ruwa, yoyo ya tsaya, to alhamdu lillahi. Ki buɗe tagogi silin ya sha iska.

Sai na zo ƙarshen wata.

Yayarki

*

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Ki zauna kafin ki karanta. Ki yi haƙuri da rubutun.

Na bi maganarki, ban hau ba. Wuni guda ba ɗigo, ba motsi. Washegari da rana tsaka na shimfiɗa tabarma kusa da ƙofar falo, inda iska ke shigowa, ina tsintar shinkafa. Kaka tana kan kujerarta tana gyangyaɗi. Sai wani abu ya faɗo min a kumatu. Na shafa. Ruwa ne, kuma da ɗumi, kamar an riƙe shi a tafin hannu. Na ɗaga kai. Silin ɗin wurin fari tas, tabon bai kai nan ba, ya tsaya can baya. Ina kallo wani ɗigon ya taru a kan farin, ya yi nauyi, ya sake faɗo min.

Na matsa gefe. Na rantse miki, Yaya, na matsa gefe, sai ya faɗo a inda na koma.

Na sa ƙaramar roba a wurin, na fita na leƙa ƙarƙashin matakala. Makullin yana rufe, ba kai, yadda mai gyara ya bar shi. Na taɓa bututun sama, a bushe, har da zafin rana.

Da na dawo ban san lokacin da na ɗauko sandar share yana ba. Na miƙa ta na ƙwanƙwasa silin yadda Kaka take yi. Kaka ta farka ta ce, "Ke! Ajiye min sandar nan. Wa kike gaisarwa, aljanu?" Ban ajiye ba. Wannan ne karo na farko da ta ce in yi abu na ƙi. Muka kasa kunne. Ba abin da ake ji sai ɗigo a cikin roba.

Sai aka amsa.

Ba ƙarar sanda ba ce. Ƙarama ce ƙwarai, ƙwas, ƙwas, kamar ana buga tsakuwa a kan tayil. Daidai saman kaina.

Kaka ta ce, "Ɓera ne," amma muryar ba tata ba ce. Ta tashi ba tare da ta dafa komai ba, ta fizge sandar daga hannuna. Ashe bugun nasu kala-kala ne, ni ban sani ba. Akwai na "kin tashi lafiya", akwai na "kina da baƙi ne", akwai wanda suka ajiye tun da daɗewa don ranar da ɗayarsu ta shiga uku. Kaka ta yi wani bugu mai sauri da ban taɓa ji ba. Aka amsa mata da irinsa, a hankali, yana yankewa. Sandar ta faɗi daga hannunta. Ta ce, "Inna lillahi. Tana ciki. Auta, tana ciki, kuma mun rufe mata ruwa."

Na fita. Mutane suna zaune a bakin kanti, mai gyaran famfo yana can ƙarshen layi. Na buɗe baki, ba abin da ya fito, kamar kullum. Sai na tuna ɗumin ruwan nan a kumatuna. Yaya, na yi ihu. Ban san ina da irin wannan muryar ba. Na ce a zo, a fasa ƙofa, Gwaggon Sama tana ciki. Mai kanti ya zubar da sukarin da yake aunawa. Wata mata ta ce, "Wai yarinyar nan tana magana?"

Mai gyaran famfo ne ya ɓalle ƙofar da ƙarfe. Ba ta buɗu duka ba, don Gwaggo tana kwance a bayanta. Saura kaɗan hannunta ya kai. Ranar da na tsaya a bakin ƙofar, katako ne kawai tsakaninmu.

Ɓarin jikinta ɗaya ya shanye, bakinta ya karkace, ba ta iya magana. Leɓunanta sun tsattsage, sun yi fari. Zobenta ta cire take buga ƙasa da shi. Daga banɗaki har inda take akwai sawun busasshiyar laka, ya ratsa ta tsakar falonta yana lanƙwasa, daidai yadda tabonmu ya yi. A banɗaki bokitin ban ruwa yana kife, ƙasar tukwane ta toshe magudana. Mai gyara ya ce tana tara ruwa ne abin ya same ta, famfo ya yi ta zuba, ruwan ya malala ƙasa, shi take sha tana jan jiki. Har ranar da muka rufe. Da ya faɗi haka ya fito da kan makullin daga aljihunsa ya kalla, ya juya baya.

Ashe ba ta bi ɗanta ba. Da aka same shi ta wayar mai kanti, wanda ashe yana da lambarsa, ya ce a bakin ƙofa ta ce ba za ta bar shuke-shukenta ba, ya yi fushi ya tafi da kayanta, yana jira ta neme shi. Mai mayafin da Kaka ta gani matarsa ce.

Kaka ta hau benen nan. Da rarrafe ta hau, ba ta yarda kowa ya kama ta ba. Ta jiƙa bakin mayafinta tana shafa wa Gwaggo a leɓe tana cewa, "Sha, mai taurin kai. Sha. Zanin ma ai tsoho ne." Gwaggo tana kallonta da ido ɗaya.

An kai ta asibiti. Sun ce da an ƙara wuni, da sai dai wani labarin.

Ki yi mata addu'a.
Auta

*

Ƙanwata,

Assalamu alaikum. Na karanta a tsaye, na sake karantawa a zaune. Na roƙi hutu, gobe zan biyo motar burodi. Ni na ce a rufe, ni na ce kada ki hau. Allah Ya sa ba ki ji maganata har ƙarshe ba.

Maganar ɗigon nan na ƙarshe. Na tambayi mai gyaran injinmu, ya ce siminti yana riƙe ruwa, ya yi ta sakinsa kaɗan-kaɗan bayan an rufe famfo. Ɗumin kuma zafin rana ne. Haka ne, Auta. Haka nake ta gaya wa kaina tun ɗazu. Ki zubar da abin da ke cikin robar, ki wanke ta, ki daina tunani.

Ki riƙe min muryar nan, ina so in ji ta da kunnena.

Yayarki mai ƙaunarki

*

Yaya,

Amin wa alaikis salam. Na san gobe kina hanya, amma gara ki karanta kafin ki iso, don a gabanki ba zan iya faɗa ba.

Gwaggo tana samun sauƙi. Har yanzu ba magana, amma da na je ta riƙe hannuna ta ƙi saki. Na sauko da tukwanenta duka, Kaka ce take ba su ruwa tana yi musu faɗa.

Mai gyaran famfo ya zo ya cire allunan silin da suka jiƙe. Na roƙe shi, da bakina, ya buɗe na kusa da ƙofa ma. Ya haska tocila ya sa hannu. Ƙura ce ta zubo masa a fuska. Ya ce ba bututu a wurin, ba tsaga, kuma ruwa bai taɓa bi ta nan ba. Ya tambaye ni ko na tabbata. Na nuna masa robar. Ya kalle ta, ya mayar da allon.

Na zuba ruwan a tukunyar jan fure, na wanke robar kamar yadda kika ce. Zan kai ta kicin sai Kaka ta ce in mayar da ita inda take, a ƙarƙashin farin silin. Na ce ai ba yoyo.

Ta ce, "Bar ta nan. Ba mu san wanda zai sake neman mu ba."

Sai kin iso. Ki kula da ita in za ki shigo, tana daidai bakin ƙofa.

Ƙanwarki,
Auta